Bai Kamata Nas ɗin da Ta Kwana a Hanya Ta Wayi Gari da Gida Shida Ba

A Amurka akwai wani reshe na aikin jinya da ba a cika jin labarinsa a wajenmu ba, wato nas-nas masu bin majinyata gida bayan asibiti ya sallame su. Tsohuwar da aka yi wa aikin ƙugu, mai ciwon suga da gyambo ya kama ƙafarsa, mai ciwon zuciya da ƙafafunsa ke kumbura, wanda aka sallama da robar jijiya a dantse domin ya ƙarasa allurar mako shida a ɗakinsa, duk a hannunsu suke. Medicare, shirin inshorar lafiyar tsofaffi da aka kafa a 1965, shi ne babban mai biyan kuɗin wannan hidima, kuma kusan mutum miliyan 3 ne ke cin moriyarta a shekara ƙarƙashin tsarinsa na asali, wanda gwamnati ke biya kai tsaye. Kamfanoni ne ke ɗaukar nas ɗin aiki, su ne ke raba mata gidaje, su ne kuma ke bai wa majinyaci lambar waya tare da alkawarin cewa ko ƙarfe nawa ne ya kira zai samu mai amsawa.

Alkawarin yana da kyau. Ga masu jinyar ƙarshen rai ma dokar tarayya ce ta wajabta samun nas awa 24, kwana bakwai a mako, kuma jihohi da dama sun ɗora irin wannan sharaɗi kan lasisin sauran kamfanonin. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake cika alkawarin. A yawancin kamfanoni, nas ɗin da ta yini tana zaga gidaje ita ce ke riƙe wayar da dare, ita ce kuma ake sa ran gani a ƙofar majinyaci ƙarfe takwas na safe da jadawalinta cikakke, kamar daren bai faru ba. Jiran kira aiki ne. Ya kamata a sa shi cikin lissafin nauyin mako, a rage mata wani abu a madadinsa, a kuma ba ta hutu na tilas idan ta fita. Duk kamfanin da bai yi haka ba, da barcin ma'aikaciyarsa yake biyan alkawarin da ya ɗauka.

Sai an san yadda yinin yake kafin a gane nauyin daren. Ana auna aikin waɗannan nas-nas da maki. Ziyarar da aka saba, ta wanke ciwo ko auna jini da duba magunguna, maki ɗaya ce. Buɗe wa sabon majinyaci fayil maki biyu ne ko biyu da rabi. Sabunta shi bayan kwana 60 yakan zama maki ɗaya da rabi. Abin da aka fi nema daga mai cikakken aiki shi ne maki 25 zuwa 30 a mako, wato gida biyar ko shida a rana. A ɗauka ziyara ta ci minti 45, tuƙi tsakanin gida da gida minti 25, rubuta bayani minti 20. Awa ɗaya da rabi ke nan ga kowane gida, gida shida kuwa awa tara, ba a sa kiran ofishin likita da ba a ɗauka ba, ko bin kantin magani, ko kai jini ɗakin gwaji, ko taron mako. Waɗannan ba su da maki, amma lokacin da suke ci na gaske ne.

Buɗe sabon fayil shi ne inda lissafin ya fi yin ƙarya. Ƙa'idar Medicare ta ce a ziyarci majinyaci cikin awa 48 da turo shi ko da dawowarsa gida, sai dai in likita ya sa wata rana, sannan a kammala cikakken bincikensa cikin kwana biyar. Binciken ya haɗa da wata doguwar takarda mai suna OASIS, wadda aka ƙara faɗaɗa ta a Janairun 2023, kuma da amsoshinta ake ƙayyade wani ɓangare na kuɗin da kamfani zai karɓa da matsayinsa a jerin inganci. Nas za ta yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu a gidan, tana zazzage jakar magunguna tana gwada su ɗaya bayan ɗaya da takardar sallama, tana duba fata daga ƙeya zuwa diddige, tana kallon yadda mutum ke tashi daga kujera da yadda yake shiga banɗaki. Ta dawo kuma ta yi wata awa biyu gaban kwamfuta, galibi bayan an ci abincin dare. Aikin awa huɗu, maki biyu da rabi.

A kan wannan ake ɗora jiran kira. Tsarin da ya fi yawa shi ne mako guda cur, ana karɓa-karɓa. Mako yana da awa 168. In aka cire awa 45 da ofis ke buɗe daga Litinin zuwa Juma'a, saura awa 123 da wayar ke hannun mutum ɗaya. Ladan jiran kan kama dala biyu zuwa huɗu a awa a wurare da dama, ko a ba da wani ɗan kuɗi dunƙule, sai in an fita a biya kuɗin ziyara. Cikin waɗannan awoyi ba ta isa ta yi nisa da yankin ba, ba ta isa ta sha maganin mura mai sa barci ba, dole ta tanadi wanda zai zauna da yara in aka kira ta tsakar dare. Ana so ta mayar da kira cikin minti 15 zuwa 30, ta isa gida cikin awa ɗaya ko biyu. Kuma yankin da take riƙe da dare na kamfanin ne baki ɗaya, majinyata ɗari biyu ko uku waɗanda akasarinsu ba ta taɓa sa su a ido ba.

Karɓa-karɓar kanta tana da wani lahani da masu tsara jadawali suka sani sarai. Inda nas takwas ke juyawa, kowace za ta riƙe wayar sau ɗaya a wata biyu, abin da ake iya jurewa. Biyu su ajiye aiki, ɗaya ta tafi haihuwa, sabuwar da aka ɗauka ba ta kai a bar mata waya ba, sai ya koma mako ɗaya cikin huɗu ko biyar, ga kuma majinyatan waɗanda suka tafi an raba wa waɗanda suka rage. Mai neman mafita ta gaba tana cikin waɗannan da suka rage ɗin. Haka abin ke ci gaba har a wayi gari nas uku ke juyawa.

Ga yadda kira ɗaya yake. Ƙarfe ɗaya na dare 'yar wani dattijo ta bugo, ta ce jakar fitsarin Baba babu komai tun ƙarfe shida na yamma, mararsa ta yi tauri, yana ta nishi. Nas za ta buɗe fayil ɗin a waya ko kwamfuta, ta fara da abin da za a iya gyarawa daga nesa: robar ta lanƙwashe ne, ko ya kwanta a kanta, jakar tana ƙasa da mara ko an ɗora ta kan gado, akwai gudajin jini a ciki, jikinsa da zafi, yana gane mutane? In mai raunin laka ne daga ƙirji zuwa sama, ga ciwon kai mai tsanani da gumi, wannan ba na jira ba ne, domin cikar mafitsara na iya harba jininsa sama nan take. In ba haka ba kuma robar ta ƙi tafiya, sai ta sa takalmi. Minti 40 a hanya. Ta isa, ta gwada wanke robar da ruwan gishiri mai tsabta in likita ya ba da izinin haka. In ta ƙi, ta zuƙe ruwan balan-balan ɗin da ke riƙe ta da sirinji, ta zare, ta sa sabuwa mai lamba ɗaya da tsohuwar, in dai tana da ita a but ɗin motarta. Ta tsaya ta ga fitsari ya sauko, ta auna yawansa, ta duba launi, ta auna jini da zafin jiki, ta kwantar wa 'yar da hankali. Wani minti 40 na komawa, sannan rubutu. Ƙarfe huɗu ta kusa kafin ta kwanta, wayar kuma tana nan a kunne har takwas.

Wannan kira ɗaya ne mai sauƙi. Akwai injin zuƙe ruwan miki da ke kuka saboda iska na shiga ta gefen leda; shi kuma ƙa'idarsa, in ya tsaya fiye da awa biyu dole a cire soson da ke cikin ciwon a sa bandeji mai laima, don haka ba ya jiran safiya. Akwai famfon ƙarin magani da ya tsaya ana tsakiyar allura. Akwai wanda ya faɗi a banɗaki ya bugi kai alhali yana shan maganin tsinka jini, wanda amsarsa ɗaya ce, a kira 911, lambar neman agajin gaggawa, amma yana roƙo kada a mayar da shi asibiti, sai an yi minti 20 ana lallashi. Ga masu jinyar ƙarshen rai kuma akwai rasuwa, inda nas za ta je ta tabbatar, ta sanar da likita, ta zauna da iyali har a zo ɗaukar gawa. Ko kiran da bai kai ga fita ba yana cin rabin awa tsakanin magana da rubutu, kuma wanda aka tasa ƙarfe biyu yana yanke hukunci kan ran mutum ba ya koma barci da ya ajiye waya.

Da safe gida shida na jira, kuma wasunsu ba sa ɗaguwa: jinin da za a ɗiba kafin a karya, allurar insulin ga makahon da ba shi da mai yi masa, maganin jijiya mai ƙayyadadden lokaci. An daɗe da sanin abin da rashin barci ke yi wa ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu yana aiki kamar mai giya kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wanda ya kai awa 24 kuma kamar mai 0.10, abin da ya haura iyakar tuƙi ta 0.08 a kusan duk jihohin Amurka. Binciken Ann Rogers da abokan aikinta na 2004 kan nas-nas na asibiti ya gano cewa haɗarin yin kuskure ya ninka kusan sau uku in aiki ya kai awa 12 da rabi. Rahoton Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka na wannan lokaci ya ba da shawarar kada nas ta wuce awa 12 cikin 24, ko awa 60 cikin kwana bakwai.

A asibiti aka yi wancan binciken, inda akwai mai harhaɗa magani da ya duba kafin ya aiko, akwai abokiyar aiki da za ta sake karanta lamba. A gida nas ita kaɗai ce. Kuskuren gajiya a nan ba ya zuwa da hayaniya. Kwalba biyu ce a kan tebur, ɗaya an rubuta furosemide ɗaya Lasix, magani ɗaya ne da suna biyu, majinyaci yana shan duka, idon da bai yi barci ba ya wuce su. Nauyin mai ciwon zuciya ne ya ƙaru da laba biyar cikin mako, alamar ruwa na taruwa, aka rubuta lambar ba tare da an waiwayi ta makon jiya ba. Sannan ga sitiyari, domin wannan ma'aikaciya rabin ofishinta mota ce, kuma mutanen da ke tsallaka titi ba su sa hannu a kwantiragin kowa ba.

Doka ba ta taimaka sosai. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta ce a biya kuɗin awa ɗaya da rabi kan kowace awa da aka yi bayan awa 40 a mako, amma ƙa'idar Ma'aikatar Ƙwadago ba ta ɗaukar jira a gida a matsayin aiki sai in takurar ta kai mutum ba ya iya amfani da lokacin don harkarsa. Ban da haka, kamfani na iya sa cikakkiyar nas mai rajista a rukunin ƙwararrun da ba a bin su kuɗin ƙarin lokaci. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Sinsinati ta yarda da hakan a 2000 ga nas-nas da ake biya kan kowace ziyara zalla. A 2002 kuma ta ce in an gauraya biyan ziyara da biyan awa, kamar ladan jiran kira da na taro, to nas ta fita daga wancan rukuni, sai an biya ƙarin lokaci. Duk wannan maganar kuɗi ce. Babu dokar tarayya da ta ce ga awoyin da nas za ta huta kafin ta koma kan majinyaci, alhali direban tirela a ƙasar yana da irin wannan ƙa'ida, awa 10 a jere kafin ya sake hawa.

Turai ta fi kusa da gaskiya a nan. Dokar lokutan aiki ta Tarayyar Turai ta 2003 ta tanadi hutun awa 11 a jere cikin kowace awa 24, da matsakaicin awa 48 a mako. A 2018 Kotun Turai ta yanke hukunci kan wani ɗan kwana-kwana a garin Nibel na Beljiyam wanda aka ɗora wa isa tasha cikin minti takwas in an kira, ta ce zamansa a gida yana jira lokacin aiki ne. Ma'aunin da ta ɗauka shi ne wanda hankali zai ɗauka: a duba yadda sharaɗin ya ɗaure mutum, ba inda yake zaune ba.

Masu kamfani za su ce kuɗi, kuma ba duka maganarsu ce banza ba. Tun Janairun 2020 Medicare ya koma biya kan kwana 30 maimakon 60, kuma in ziyara ba ta kai wani adadi ba, tsakanin biyu zuwa shida gwargwadon rukunin majinyaci, sai a soke biyan dunƙule a koma na kowace ziyara, wanda ya yi ƙasa ƙwarai. Shi ya sa mai tsara jadawali ke jin tsoron ɗage ziyara ko da ɗaya ce. Kamfanonin inshora masu gudanar da Medicare Advantage, wato ɓangaren shirin da aka damƙa musu, kuma sukan biya ƙasa da haka. Ƙaramin kamfani a ƙauyen da gida da gida ke da nisan mil 30 yana cikin matsi na gaske. Amma hukumar MedPAC mai bai wa majalisar dokoki shawara ta ruwaito cewa ribar kamfanoni masu zaman kansu daga Medicare na asali ta haura kashi 20 cikin 100 a 2021 da 2022. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi majinyaci da alkawarin awa 24 ya sa farashin daren cikin kasafinsa tun farko.

Gyaran kuma ba sabon abu ba ne, akwai masu yin sa. Babban mataki shi ne raba amsa waya da fita. A sa nas guda wadda aikinta kenan da dare, ta yi barcinta da rana, tana da fayil a gabanta da rubutaccen tsarin tambayoyi. Yawancin kira a bakinta zai ƙare, sai wanda ya zama dole ta tasa mai fita. Ƙananan kamfanoni uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su ɗauki guda. Ƙarshen mako a ba wa masu ƙarshen mako, domin asibitoci na yawan sallama ranar Juma'a, sharaɗin awa 48 kuma ya faɗa kan Asabar da Lahadi, sai ka ga mai jiran kira ta buɗe sabon fayil uku ranar Asabar bayan ta cika makinta tun Juma'a, ta zarce Litinin, kwana 12 a jere ba hutu. A daina mako guda cur, a koma dare ɗaya ko biyu. Ga wadda ta fita bayan sha biyun dare, a rubuta a takarda cewa ba za ta ga majinyaci ba sai bayan awa 10 da dawowarta, a cire mata makin safiyar ba tare da an taɓa albashinta ba. Wannan na ƙarshen ne ake yawan yi wa wayo: a ce mata "ki huta, ki fara da rana", amma gida shidan na nan, sai ta gama su ƙarfe takwas na dare ta sake ɗaukar waya. Hutun da ba a rage aiki a cikinsa ba ɗage wahala ne kawai. Yana bukatar wani ya ɗauki ziyarar safen, ko nas ta wucin gadi ko shugabar sashe da kanta, kuma a san sunansa tun kafin dare ya yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancin kiran dare, tun da rana aka haife shi. Nas mai gida bakwai ba ta da minti goman da za ta tsaya ta sa 'yar majinyaci ta gwada liƙe ledar injin da hannunta, ko ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage ta ga ba za su kai Litinin ba, ko ta bar robar fitsari ta ajiya a gidan wanda tasa ke yawan toshewa. Kamfanonin da ke buga wa majinyatansu masu rauni waya ranar Alhamis ko Juma'a, su tambayi magani da kayan wanki da ciwo, suna rage kiran ƙarshen mako. Littafin kira kuma ma'adini ne ga mai son karantawa: in gida ɗaya ya kira sau huɗu a wata kan abu ɗaya, tsarin jinyarsa ne ke bukatar gyara. A Holan, wata cibiyar jinyar gida mai suna Buurtzorg da Jos de Blok ya kafa a 2006 ta bi ta wata hanya, ƙungiyar nas-nas da ba ta wuce 12 ba tana riƙe da unguwa guda, su ke tsara jadawalinsu har da na dare, don haka mai ɗaukar waya ta san muryar mai kira. Ba kowane yanki na Amurka zai ɗauki wannan ba saboda nisa, amma sanin majinyaci kaɗai yana mayar da fita da yawa zuwa maganar minti biyar.

Akwai kuma batun tsaro, wanda dare ke ƙara wa nauyi. A Oktoban 2023 an kashe wata nas mai shekara 63 a garin Wilimantik na jihar Konetikat a gidan da ta je ba da magani, kuma a 2024 jihar ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni tattara bayanan haɗari kan majinyaci da gidansa kafin su tura ma'aikaci. Mai fita ƙarfe biyu zuwa gidan da ba ta sani ba tana bukatar wannan bayani a saman fayil, da wanda ya san ta fita kuma yake jiran ta ce ta dawo, da ikon cewa ba za ta shiga ba.

Maganar ta shafe mu ta wata fuska. A farkon 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ya ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Daga cikin waɗanda suka isa Amurka akwai masu shiga wannan reshe, domin ana tallata shi da cewa babu aikin dare kuma kai ke tsara lokacinka. 'Yar'uwa, kafin ki sa hannu ki tambayi nas nawa ke juya wayar a yau, ba adadin da ke kan takarda ba. Ki tambayi maki nawa ake nema a mako da nawa ake bai wa sabon fayil, ko mai jiran kira ce ke buɗe fayilolin Asabar, da faɗin yankin dare a mil. Ki tambayi kuɗin mai, ki gwada shi da santi 70 kan kowace mil da hukumar haraji ta ƙayyade a 2025. In kwantiragin na da tarar ficewa kafin shekara biyu ko uku, kamar yadda na masu kai ma'aikata daga waje ke yawan zuwa, to tambayar hutu bayan fitar dare ta fi ko wace muhimmanci, kuma ki nemi a nuna miki amsarta a rubuce cikin kundin ƙa'idojin kamfanin.